Ƙashin Jaki a Wuyan Mushe

Ina gama makarantar horon malamai aka turo ni lakwal, wato makarantar boko, ta Magariya, ina ji da Faransancina, yara na ce mini Mushe, wato "Monsieur" na Faransawa. Na kafa dokar da aka gasa mu da ita can: duk wanda ya yi Hausa a aji, a rataya masa ƙashin jaki a wuya.

Ranar da kumandan mai mulkin yankin ya zo duba mu, kunama ta faɗo daga rufi ta harbe ni. Na kurma ihu, "Wayyo Allah, na mutu!"

Wani shaiɗanin ɗalibi, Illa, ya taso ya rataya mini ƙashin. Kumandan ya ce doka doka ce. Haka na wuni.

Yau har jikokin Illa, marasa kunya, Mushe Jaki suke kirana a gaban surukaina.