Madalla a Kan Farar Riga

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai mahaifin Hajara ɗaurin aure Tsanyawa ba. Ko na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Kuma tun kafin in fara, bari in faɗa kowa ya ji: na'urata ba ta yi kuskure ba. Abin da aka gina ta don shi, shi ta yi. Abin da ke ci mini rai ke nan, har yau babu wanda ya taɓa yaba mata.

Ni malamin fasaha ne a wata ƙaramar sakandare ta wajen Dawakin Tofa. Ina da tsohuwar mota wadda in ta mutu sai an tara jama'a an tura. Hanyarmu kuwa duk gargada ce, duk inda na ajiye waya a kan dashbod sai ta zame ta faɗa ƙarƙashin birki. Shi ne na ce, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ƙere-ƙere, waya ba za ta gagare ni ba. Na yanke dashbod, na binne ɗan akwati a ciki, na yi masa murfi mai faɗi, yadda wayar za ta kwanta a ɓoye, in ana bukatarta ta ture murfin ta miƙe tsaye.

Da farko moton tsohuwar DVD na sa, wanda ke turo faifai. Ya yi ta kuka kamar sauro, bai ɗaga komai ba. Na fusata na shiga Kano na sayo moton gilashin mota (wannan ko tunkiya zai ɗaga, balle waya). Na haɗa masa haƙoran roba da makunnin da zai tsayar da shi in ya kai ƙarshe. Da a nan na tsaya da na tsira. Amma son burgewa ya ja ni na ƙara ɗan allo mai jin murya, wanda ake koya wa kalma biyu, ta tashi da ta sauka. Na ce ni ba zan yi wa motata Turanci ba. Ta tashi na koya masa "Bismillah", ta sauka kuma "Madalla". A ganina na haɗa ilimi da tarbiyya.

To, a lokacin ina neman Hajara, kuma Baba, mahaifinta, bai ba da amsa kan zuwan magabatana ba. Labari ya zo mini cewa yana faɗin, "Yaron nan dai kullum yana wasa da wayoyin wuta, anya ya girma kuwa?" Wasa fa! Don haka da Hajara ta ce Baba zai je Tsanyawa ɗaurin aure, shi ne ma waliyyin amarya, nan take na ce ni zan kai shi. Niyyata in mun isa, a gaban jama'a, in ce bismillah, wayar ta taso, ya ga irin wasan da nake yi.

Baba ya fito cikin farar babbar riga, ta sha sitaci har tana ƙara. Shi a gaba, ƙaninsa Kawu Tanko a baya. Sun yi bismillarsu sun zauna kafin in kunna mota, na'urar ba ta samu wuta ba tukuna. Tawa kuwa a zuci na yi, don kada in ɓata shiri.

Mun yi nisa, gero da dawa ta ko'ina, sai Baba ya hango mai fura a gindin wata tsamiya.

"Malam, ɗan tsaya mana, ban karya ba."

Na tsaya, amma ban kashe mota ba (ai ba zan sa surukina turi da farar riga ba). Aka damo fura da nono a babban kwano, har baki. Baba ya duba inda zai ajiye, sai idonsa ya faɗa kan murfin akwatina.

"Kai, wannan wuri kamar don kwano aka yi shi."

Ya ɗora. Na buɗe baki, amma yaya za ka ce wa mahaifin yarinyar da kake nema ya ɗauke kwanonsa? Ina cikin neman kalmar da ba rashin kunya a ciki, Baba ya ɗauki ludayi, ya dube ni da fara'ar da bai taɓa yi mini ba.

"To, Malam, bismillah."

Wallahi ko a gwaji ba ta taɓa amsawa da sauri haka ba. Murfin ya ɗaga, kwanon ya karkata, fura ta kwararo tun daga wuyan rigar Baba har cinya. Kwanon bai faɗi ba, ya maƙale a karkace yana ci gaba da zuba. Ni kuwa abu ɗaya ne a kaina, in saukar da murfin a ceci sauran rigar. Sai na ce, "Madalla!"

Kawu Tanko yana ta salati a baya, na'urar ba ta ji ni ba. Na ɗaga murya: "Madalla! Madalla!"

Sai da ta sauka sannan na ji abin da bakina ya faɗa. Baba ya juyo a hankali, gudajin fura a gemunsa.

"Madalla ka ce?"

"Baba, ba da kai nake ba, da dashbod nake."

Wannan bayanin ya fi zubar furar muni. Kawu Tanko ya fita daga mota ya tsuguna a bakin gona, kafaɗunsa na rawa. Da rigar Kawu Tanko Baba ya yi waliccin, ta ɗan yi masa gajarta. Da yamma Hajara ta kira, ba ko gaisuwa: "Don Allah da gaske ka yi wa Baba madalla?"

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan kwanaki sai ga saƙo magabatana su zo. Wai Baba ya ce yaron da ya koya wa ƙarfe bismillah ba zai bar 'ya'yansa babu tarbiyya ba. Na gode Allah. Amma Kawu Tanko ya riga ya raɗa mini suna, yanzu har ɗalibaina Injiniya Madalla suke ce mini in na juya baya. A cikinsu kuwa babu ko ɗaya da ya taɓa tambayar yadda na sa moto ya ɗaga cikakken kwanon fura ba tare da haƙori ɗaya ya karye ba.

Darasin da na koya shi ne, in za ka ba inji kalma, kada ka ba shi wadda ke bakin kowa daga safe har dare. Na cire allon, na sa maɓalli kamar na kowa. Shekara ta zagayo, mun yi aure har mun samu ƙaruwa, amma duk ranar da na je gaida Baba aka kawo fura, sai ya tattare rigarsa ya ja baya tukuna, sannan ya ce mini bismillah.