Motar Da Ta Durƙusa

A majalisarmu ta Minjibir, in ana zancen tsofaffin motoci, ni ne liman. Na san mai inji a baya, na san wadda ba ta shan ruwa sai iska. Shi ya sa da surukina Alhaji ya ba ni makullin tsohuwar motarsa ta Faransa in kai 'yan biki, har da ce masa na yi, "Baba, ai wannan a tafin hannuna take."

Na kai su lafiya, na kashe ta a gindin darbejiya, na shiga masallaci. Ina fitowa na tarar ta durƙusa, cikinta na neman taɓa ƙasa. Motar da ko kaza Alhaji ba ya bari ta raɓa! Da wace fuska zan koma gidansa?

Na tara jama'a, aka kawo jak na ɗaga mota da turame, wani har da shanun huɗa. Na hana a tayar da ita, kada ta ƙarasa. Ina zufa ina bayanin karyewar sifirin ɗin da ke riƙe da ƙafafunta, sai ga Alhaji a bayan babur.

"Malam, lafiya?"

Na nuna masa motar. Ya karɓi makulli ya murɗa. Motar ta yi nishi, ta miƙe a hankali kamar raƙumi.

"Haka take hutawa," in ji shi.

Har yau, in na kishingiɗa a tabarmar majalisa aka kira salla, sai wani ya ce, "Ku murɗa wa Malam makulli."