Ranar da Aka Sauko da Ƙofar Asibiti

Jama'a, ku taya ni murna, ranar Talata na ɗauki asibiti a ka. To, ba dukansa ba, ƙofarsa ce, amma har yau in zan waiwaya sai na juya da dukan jikina.

Ƙanwata Hamdiya tana aure a wani ƙauye can kan tsauni, a wata ƙaramar hukuma da ba zan kira sunanta ba saboda ina son zaman lafiya. Cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Sai mijinta Sha'aibu ya bugo mini waya, murna har tana sarƙe shi, wai an gama musu ɗakin shan magani, kuma Mai Girma Ciyaman, Garkuwan Tsaunuka, da kansa zai hau ya buɗe. Na bar garinmu, Liman Abaji, da sassafe, na sha layin mai, na kama hanya. Mashin ya ɗauke ni zuwa rabin tsaunin, daga nan ni na ɗauke shi.

Gini kam ya yi kyau, ba zan ci amanarsu ba. Ga fenti, ga gadon haihuwa, ga ƙofar ƙarfe tana sheƙi. Har ma'aikaciyar jinya an turo, Sista Filomina, gajeriyar mace mai faɗa, tana ta goge tagogi kamar ɗakin aurenta.

Muka jira har azahar. Makaɗa suka gaji suka kwanta a kan gangunansu. Sai ga wani mai babbar riga ya ɓullo yana haki, aka ce shi ne Mai Ba da Shawara na Musamman kan Yanke Ƙyalle. Bayan ya shanye kofin ruwa, ya sanar da mu cewa motoci sun tsaya a gindin tsauni, domin hanyar da aka yi alkawarin gyarawa tun zaɓen da ya gabata ta ƙi ba da haɗin kai. Mai Girma kuwa takalminsa sabo ne. Saboda haka an yanke shawara asibitin ya sauka ya same shi, ko da ƙofarsa ce kawai.

Sista Filomina ta tare bakin ƙofa. "Oga, ina da mai haihuwa a hanya. Ka bar mini ƙofata."

"Aro ne, Sista. Yanzu-yanzu za a dawo da ita."

Aka kwance ta. Ni da Sha'aibu da wasu ƙarti biyu muka ɗora a ka, makaɗa suka biyo mu, mata na guɗa. Ban taɓa jin ina yi wa ƙasata aiki kamar ranar ba.

A ƙasa aka tsayar da ita a bakin gonar doya, mu muka riƙe, aka ɗaura ƙyalle. Mai hoto ya ce mu durƙusa kada mu ɓata aikin gwamnati. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya sa makulli, ya yi bisimilla, ya shiga da ƙafar dama, ya fito a tsakiyar kunya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya yaba da faɗin wurin da yadda iska ke shiga. Aka yi tafi. Ni da hannu ɗaya na tafa a cinya, ɗayan yana riƙe da asibiti.

Muna cikin wawason lemo aka kwashe rumfa da kujeru da lasifika aka loda a mota. Da muka waiwayo, ƙofa ma ta bi su.

Muka hau tsauni hannu rabbana, muka tarar naƙuda ta kama Hamdiya. Nan dariyata ta ɗauke, don mahaifiyarmu wajen haihuwa ta rasu a kan irin wannan hanya. Sista ta yaye mayafinta ta ɗaura a bakin ɗakin, ta miƙa wa Sha'aibu sanda ta ce aikinsa korar awaki. Ya tsaya yana kora yana addu'a, hawaye na zuba. Kafin magariba muka ji kukan jaririya. Uwa lafiya, 'ya lafiya. Sha'aibu ya rungume ni, ya rungume sandar, ya nemi rungumar wani bunsuru.

Washegari na je sakatariya neman ƙofa. Na same ta a liƙe a ofishin Mai Ba da Shawara, wai tasa gara ta cinye. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce an kafa kwamiti.

Maƙwabcina Mijinyawa ya ce ba ni da godiya: su a ƙauyen surukansa allo kawai aka buɗe, makarantar tana nan tafe. Na ce gaskiyarsa, Allah ya ƙara wa manyanmu basira.

An ce wata mai zuwa rijiya za su buɗe a ƙauyen gaba. Zan je da wuri in kama wuri, don ina so in ga yadda za a sauko da rami.