Kwanon da Ban Buɗe Ba

Ko tsufa ya sa na fara manta sunayen 'ya'yana, ba zan taɓa mantawa da kwanon Gwaggo Hajo ba. Kwanon silba ne mai murfi, an ɗaure shi da tsohon ɗankwali, kuma har yau in na ga irinsa a kasuwa sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni ɗan Malanville ne, amma aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya riƙe ni shekara da shekaru ban leƙa gida ba. Kullum sai in ce bana zan je, kullum bana ta wuce. A cikin shekarun nan na ajiye tumbi, na yi sanƙo, na kuma koyi yawo da waya manne a kunne kamar tare aka haife mu. Da daminar bara dai na daure na hau mota, na sauka a gidan yayana Sani.

Wadda na fi jin nauyin haɗuwa da ita ita ce Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu, da ke zaune a Madekali. A hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyarmu, tare da ɗanta Hamidu, taubashina, wani siririn yaro mai saurin kuka da muka sha dambe da shi a gindin tukunya. (Ni nake kayar da shi. A wannan kam ba zan yi tawali'u ba.) Labari ya sha iske ni a Kwatano cewa Gwaggo tana faɗin na zama mutumin bakin teku, ko tuwonmu aka ba ni sai na nemi cokali. Maganar ta yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa. Don haka na taho da niyya ɗaya, in nuna wa tsohuwar nan ɗan da ta riƙe yana nan yadda ta san shi.

To, a wajenmu idan na gida ya dawo daga tafiya, kowane gida na dangi sai ya aiko masa da kwano. Ba mai tambayarka ko kana jin yunwa. Kuma matan sun san kwanukansu, sun san iyakar inda suka cika su, in kwano ya koma yadda ya zo, kafin magariba zancenka ya zagaye dangi. Tun kafin azahar Rabi, matar yayana, ta jera mini su: dambu, tuwon masara da miyar kuɓewa, kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fura har kala biyu. Na ci don yunwa, na ci don zumunci, daga nan na ci gaba da ci don tsoron bakin mata. Ban gama nishi ba sai ga abokaina na makaranta, waɗanda yanzu albasa suke lodawa a kasuwa, suka ja ni wajen mai nama, wai sai sun ga ko haƙorana na nan. Da la'asar na dawo gida ina takawa a hankali kamar mai ɗauke da tulu.

Ina zaune a benci a ƙofar gida, ana ɗan yayyafi, ina ta faman waya da wani ɗan kasuwa da kayansa suka maƙale a duwan, wato kwastam, sai ga mai babur ya tsaya a gabana. Ƙato ne, ya sa hular kwano mai baƙin gilashi da rigar leda ta ruwan sama, ƙafafunsa duk taɓo. Ya yi sallama, ya kwance kwano daga bayan babur ya miƙo mini.

"Daga Madekali. Hajo tac ce a kawo ma."

Na dubi kwanon, cikina ya ce mini in na kuskura, ba ruwansa. Ko ɗankwalin ban kwance ba. Na toshe wayar da tafin hannu, na waiwaya na tabbatar Rabi tana ciki, na rage murya.

"Malam, taimake ni. Tahi da shi ku ci kai da iyalinka. Ka wanke kwanon ka mai da shi, ka ce ma tsohuwa na cinye har na suɗe."

Na haɗa masa da ɗan kuɗin mai. Ya ɗan tsaya yana kallona ta cikin gilashin nan, sannan ya ce, "To, Alhaji." (Ban taɓa zuwa Makka ba. Tumbi ne ya jawo mini sunan, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.) Ya ɗaure kwanon ya tafi, ni kuma na koma kan wayata ina yaba wa kaina dabara.

Washegari da hantsi Rabi ta leƙo ta ce ga wanda zai kai ni Madekali ya iso. Ina fita na ga hular kwanon jiya. Har na ji daɗi, na ce Allah ya haɗa ni da abokin sirrina. Na ɗaura tsarabata, na haye, muka kama hanya tsakanin gonakin shinkafa, ruwa ta ko'ina, babur yana ta zamewa a laka. Da muka yi nisa sai na matso da bakina kusa da kunnensa.

"Wai mi tad dahwa jiya?"

"Kihi," ya ce. "Kan giwan ruwa, da miyar yakuwa. Ta sa daddawa, yaji ya ji."

Na ce ai na sani, duk Madekali ba wadda ta kai ta iya miyar kifi. Na riƙa maimaitawa a zuci kamar mai hadda: kan giwan ruwa, yakuwa, daddawa, yaji. Da na ga sirri ya yi daɗi sai bakina ya ƙara buɗewa.

"Ka san ɗanta Hamidu?"

"Na san shi."

"Har yanzu ramamme na, awa karan dawa? Da can da hannu guda nika kada shi, shi tashi shina kuka shina kiran uwa tai."

"Ya ɗan yi jiki," in ji shi. "Amma shina tuna ka ƙwarai."

Daidai nan babur ya faɗa wani rami har sai da haƙorana suka haɗu. Na ɗora laifin a kan damina.

Da muka isa na ce masa ya jira ni a waje ƙarƙashin bishiya. Gidan cike yake, maƙwabta da matan dangi duk sun taru ganin mutumin Kwatano. Gwaggo tana zaune a tabarma, ta tsufa, ta ƙanƙance. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a tsanake, ta tambayi iyali, ta tambayi hanya, sannan ta sa aka fito da farar kujerar roba, wadda ake ba masu allurar rigakafi idan sun zo.

"Ku zamna bisa kujera," ta ce, "kada tabarma ta ɓata muku riga."

Matar da ta yi mini wanka da soso, ta sha ja mini kunne, yau ita ce take ce mini "ku". Na zauna a kujerar kamar wanda aka kawo ƙara. Nan na ce a raina lokaci ya yi da zan fito da haddata.

"Gwaggo, kihin nan na jiya. Wallahi ban san sa'ad da hawaye sunka zo mani ba."

Ta ɗago kai. "Kihi?"

"Kan giwan ruwan nan. Na zamna na tsotse shi ƙaya bayan ƙaya. Kwatano da tekunsu duka, ba mai iya wanga girki."

"Yajin bai yi yawa ba?"

"Daidai, Gwaggo. Ko ƙwaya guda anka ƙara ya ɓaci."

"Daddawar hwa?"

Na lumshe ido, na girgiza kai, na haɗa yatsu na sumbace su yadda na ga ana yi a gidajen abinci na birni. Na lura matan sun fara rufe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa, na ɗauka iya maganata ce ta burge su, sai na ƙara da bayanin yadda yakuwar ta ratsa kifin, da yadda na hana yayana ko ɗanɗane.

Ina tsakiyar wannan wa'azi sai na ga mai babur ya turo babur ɗinsa har tsakar gida. Ya nufi randa ya ɗebi ruwa ya wanke ƙafa, ya zo ya zauna a gefen tabarmar Gwaggo, har yana jingina da kafaɗarta. Raina ya ɓaci.

"Malam, ai na ce ka jira ni waje."

Ya sa hannu biyu ya cire hular a hankali. Gemu ne cike da fuska, da wuya irin na mai ɗaukar buhu, amma a girarsa ta hagu akwai wani tabo. Na san tabon nan. Ni na yi shi, da ludayi.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji Hamidu. "Kihin ya yi daɗi?"

Gidan ya kece da dariya. Wata tsohuwa har da faɗuwa a kan ta kusa da ita. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba, ga kujerar roba ta kama ni ta ko'ina, ko tashi da sauri ba zan iya ba. Kuma ba damar fushi, taubashi ne, ko a gaban limami ya yi mini haka ya yi daidai.

Gwaggo ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta jira gidan ya lafa.

"Ba kihi nid dahwa ba," ta ce. "Kihi ai kuna da shi can. Ƙanzo na. Da gangan nib bar shinkahwa bisa wuta har ta kama, gidanga duka sunka ci mai ƙauri sabo da kai. Na ƙanƙare gindin tukunya, na zuba man gyaɗa da yaji yadda kaka so. Nic ce yaron da ka birgima ƙasa in an ba wani ƙanzo, in ya buɗe kwanon nan zai san ban mance ba."

Dariyar mutane ta ba ni kunya, amma wannan maganar ita ta karya ni. A kan ƙanzon nan na fasa wa Hamidu gira. Matar nan ta riƙe abin da nake so tun ina yawo ba wando, ni kuma ko kullin ɗankwali ban iya kwancewa ba.

"Shekara nawa kana bugu na kan ƙanzo," in ji Hamidu, "jiya ka ba ni da hannunka, har da kuɗin mai. Nan nik kawo shi, nic cinye gaban Inna. Allah shi ƙara arziki, Alhaji."

Na ɓamɓare kaina daga kujerar na zauna a ƙasa, farar rigata da komai.

"Gwaggo, ban buɗe ba."

"Na sani," ta ce. Ta juya ga wata jikarta. "Ɗauko tukunyar."

Ashe da safen nan ma ta sake ƙona shinkafar gidan. Aka dire tukunyar a gabana, baƙa wuluk, ƙanzo ya yi ja a gindinta, mai yana ƙyalli. Ba wanda ya kawo cokali, ni ma ban nema ba. Na wanke hannu na hau ƙanƙara, ina tauna yana ƙara, idona yana ruwa, na ce musu yaji ne. Ban ankara ba sai na ga wani ƙaton hannu yana lallaɓowa cikin tukunyar ta gefe. Wallahi ban yi tunani ba. Sai dai kawai na ji na kai masa duka a bayan hannu, tas, na jawo tukunyar tsakanin ƙafafuna.

Hamidu ya riƙe hannunsa yana kallon uwarsa. Gwaggo ta dube ni, ta dube shi, sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, aka ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta goge ido da bakin zane.

"To, yanzu ka iso," ta ce. "Sannu da zuwa. A mai da kujerar nan ɗaki."

Har yau a Madekali ba mai kirana da sunana, Alhaji Giwan Ruwa suke ce mini, kuma Hamidu yana turo mini hoton gindin tukunya duk ranar Juma'a. A Kwatano kuwa, kafin in hau babur sai na sa mai shi ya ɗaga gilashin hularsa na ga fuskarsa, mu gaisa. Suna ɗauka tsoron ɓarayi nake yi, ni kuwa dangi nake dubawa. Kwano kuma, ko cikina zai fashe, sai na buɗe murfin kafin in buɗe bakina.