Ranar da Na Tashi Sama da Kalangun Babana

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadi ba, ko na so in manta ma mutanen Minguettes ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga taram, jirgin ƙasan cikin gari, na shigo unguwar, sai wani ya leƙo ta taga daga hawa na bakwai ya ƙwala mini kira, "Avion, jirgin sama, ka sauka lafiya?" Ni kuma in ɗaga masa hannu kamar abin bai dame ni ba. Yana damuna. Amma tunda kowa na ba da labarin yadda ya ga dama, gara ku ji shi daga bakin wanda ya faɗi.

Ni ɗan Maradi ne, kuma ɗan makaɗi. Babana, Allah ya jiƙansa, da kalangu ya ciyar da mu, yana yi wa mahauta kiɗa a kasuwa, ranar biki kuma a ɗauke shi zuwa ƙauye. Da na zo Lyon a Faransa karatun jami'a sai na sauka wurin ƙanensa, Baffa Lawali, wanda ya fi shekara ashirin yana aiki a wani babban sito a Vénissieux. Shi Baffa tun yana saurayi ya ajiye kiɗa, ya je Makka, ya dawo Alhaji, kuma ba ya son a yawaita tuna masa sana'ar gidanmu. Kalangun babana na wurinsa, naɗe cikin tsohon zane a can saman kabad. Duk lokacin da na ɗaga kai na kalle shi, amsar Baffa ɗaya ce: "Kawo diplom tukuna."

To hannun ɗan makaɗi ba ya zama shiru. A ɗakin gwaji na jami'a nakan riƙa buga tebur da yatsu ban ma sani ba, har wani Bajamushe mai suna Jonas, da ya zo yin zango ɗaya tare da mu, ya tsare ni wata rana ya ce in sake abin da na buga. Ashe mawaƙi ne. Su uku ne a ƙungiyarsu: shi yana waƙa da jita, wata yarinya Lena tana riƙe da jita mai kaurin sauti, sai Timo mai ganguna. Irin kiɗansu suna ce masa pop punk, wato waƙa mai daɗin amshi amma a guje, kamar an biyo mutum da sanda. Sunan ƙungiyar in aka fassara shi yana nufin Dankalin Jiya (na tambayi dalili, suka ce babu dalili, kuma wai rashin dalilin shi ne daɗinsa). A garejin kakar Timo suke ɗaukar waƙoƙinsu, sun manna kwalin ƙwai a bango don kada maƙwabta su kira 'yan sanda.

Bayan shekara guda da komawarsa gida sai ga saƙon Jonas: za su zo Faransa wasa biyu, Asabar a Paris, Lahadi a Lyon, kuma suna son gangar nan mai magana da nake ba shi labari ta shiga waƙoƙi biyu. Wallahi ranar ban fahimci komai a aji ba. Na yi kwana uku ina zagaye Baffa, ina wanke masa mota, ina raka shi masallaci da wuri, kafin na iya buɗe baki.

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Bon. Na ba ka aro kwana biyu. Ranar Lahadi zan zo da kaina in gani. In wasa ne na mutanen kirki, ka riƙe shi, naka ne. In kuwa shashanci na tarar, ya koma sama, kuma ko dakta ka zama ba za ka ƙara taɓa shi ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Da ya sauko da shi ya warware zanen, ƙamshin fatar ya bugi hancina, sai da na juya baya na share ido.

A wani gareji a La Courneuve, kusa da Paris, muka yi gwaji ranar Juma'a, nan ne na san cewa waɗannan mutane ba su san a hankali ba. Timo zai haɗa sandunansa sau huɗu, sai kawai duniya ta rushe. Kafin in gyara tsarkiya a hammata waƙar ta ƙare, don duk waƙarsu ba ta wuce minti biyu. Ni na saba da kiɗan da ake farawa da gaisuwa, a yi wa mai gida take, a zagaya, jiki ya ɗau zafi tukuna. Lena ta ce mini, "Mu ba ma gaisuwa, shigowa kawai muke yi." Sai a zagaye na biyar na kama su, kuma da na kama, Timo ya jefar da sanda ya rungume ni yana ihu da Jamusanci. Kalangu na kuka a tsakiyar jita biyu, abin da ban taɓa ji ba, su ma ba su taɓa ji ba.

Rayuwarsu ma ta burge ni, ko da yake ba zan so wa ɗana ita ba. Tsohuwar motarsu ta kaya tana warin safa da cuku. Su ne direbobi, su ne masu dakon lasifika, su ne masu sayar da rigunansu a kan tebur a bakin ƙofa. Burodi da tuffa ne abincinsu, a ƙasan ɗakin duk wanda ya tausaya musu suke kwana. Amma ban taɓa ganin mutane masu murna da wahala kamarsu ba.

Wasan Paris a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa aka yi, mutane ba su fi sittin ba, amma sun matsu kamar motar kasuwa. A waƙa ta ƙarshe na ga Jonas ya ajiye jita, ya juya wa jama'a baya, ya buɗe hannuwa, ya faɗa kansu. Na ce innalillahi, yaron nan ya mutu. Ina! Hannuwa suka taso suka cafe shi, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan har bango, aka dawo da shi. Yana sauka ya nuna ni. Jama'a suka ɗauki ihu. Lena ta zare kalangun daga kafaɗata ta ce, "Juya baya, saki jiki, kada ka duba." Na yi bismilla na saki jiki. Jama'a, daɗi! Ni da ban taɓa hawa ko doki ba, ga ni a kan hannun Turawan da ba su san sunana ba, ina kallon rufin ɗaki yana wucewa. Tun daga nan kaina ya kumbura, kuma bai sace ba duk tsawon hanyar Lyon washegari.

Wasan Lyon da yamma ne, bayan la'asar, a wani ƙaramin zaure a Guillotière. Ni kuwa na riga na gayyaci duk wanda na sani: ɗaliban Nijar, abokan aikin Baffa, har mai sayar mana da garin rogo. Suka zo cikin shadda da turare kamar ranar suna. Hajiya Rabi, matar Baffa, ta zo da ƙawayenta huɗu da robar fanke da bokitin zoɓo, wai baƙi sun zo daga nesa ba za a bar su da burodi ba. To kun san halinmu, ba a barin manya a baya. Nan da nan samarinmu suka nemo kujeru suka jera su daf da dandamali, aka zaunar da Baffa da Hajiya da sauran dattawa, ɗalibai suka tsaya a gefe da bayansu. 'Yan Faransa masu gashi kore da wando yagagge, waɗanda gaba wurinsu ne a irin wannan wasa, suka ga abin da ya fi ƙarfinsu suka ja baya cikin ladabi.

Jonas ya leƙo ya ce mini, "Ban taɓa yi wa mutane a zaune wasa ba." Na ce kada ya damu, mutanena ne, na san su.

Timo ya haɗa sanduna sau huɗu. Na ga Hajiya ta dafe ƙirji, wani dattijo ya toshe kunne da hula. Baffa kuwa ko motsi, hannu a kan gwiwa, fuska a ɗaure. Waƙa shida aka yi haka, ni ina bayan labule cikin farar rigata ina leƙen Baffa, na san kalangu ya kama hanyar saman kabad.

Da aka kira ni na fito, waƙar farko na bi yadda muka shirya. A ta biyu akwai wurin da jita ke yin shiru a bar ni da Timo. Ban shirya ba, hannuna ne ya yi da kansa: sai na ji ina buga taken gidanmu, wanda babana ke fara kowane wasa da shi, wanda ake yi wa kakanmu. Na matse tsarkiya, kalangu ya kira sunan Baffa sarai. Na ga kansa ya ɗago. Na sake kira. Sai mutumin nan da ya yi shekara talatin yana gudun kiɗa ya miƙe tsaye, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama yana yi mini jinjina. Hajiya ta rangaɗa guɗa. Ɗalibai duka suka ɗaga hannu suna jinjina, Lena da Jonas suka dawo da jita, zauren ya kama wuta.

A nan ne hankalina ya tafi hutu. Na duba ƙasa na ga hannuwa a sama kamar itatuwan daji. Ni da aka haifa cikin jinjina, na san ma'anarta tun ina rarrafe, amma a wannan daƙiƙa idona na Paris ne. Zuciyata ta ce, in baƙin da ba su san ka ba sun cafe ka jiya, ina ga danginka? Ban ko tuna da cire kalangu ba. Na juya baya, na saki jiki, ban duba ba.

Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari, kuma kowa ya rantse a kai. Hajiya da ƙawayenta suka ga ƙaton namiji na zuwa musu ta sama, suka ce a'uzubillahi, kowace ta kwashi mayafinta ta yi gefe. Dattawa suka janye kujeru. Ɗalibai kuma, yaran kirki masu tarbiyya, suka dare biyu suka ba ni hanya, kamar yadda ake yi wa duk mai sauri. Babu wanda ya yi mugunta. Wuri kawai suka ba ni, wadatacce.

Na sauka da baya, tim! Ƙafata ta ɗauki bokitin zoɓo, ya juye a kaina tun daga wuya har gwiwa. Hajiya ta ga farar riga ta koma ja ta fasa ihu, "Jini! Wayyo Allah, sun kashe mana yaro!" Su kuwa Dankalin Jiya ba su tsaya ba, don a ƙa'idarsu ba a yanke waƙa, kuma saura daƙiƙa ashirin ta ƙare. Haka na kwanta a ƙasa, fanke na birgima kusa da kunnena, ana yi mini kiɗa. Da waƙar ta ƙare sai wani yaro mai gashi kore ya tambaya da Faransanci ko wannan ma cikin al'adarmu ne.

Ban ji ciwon baya ba sai daga baya. Kunya ce ta danne ni, da sanin cewa na kawo wa Baffa shashancin da ya ce, har gaban takalminsa. Sai na lura hannuwana biyu a miƙe suke sama, kalangu na cikinsu. Ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Ko ɗigon zoɓo bai taɓa shi ba.

Baffa ya matso. Bai tambayi lafiyata ba, kalangun ya karɓa. Ya juya shi, ya duba fata ta nan, ya duba ta can, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara. Sannan ya dube ni a kwance.

"Ubanka ya taɓa faɗowa daga bayan mota a hanyar Tessaoua," in ji shi. "Ya karya hannu, ganga ba ta taɓa ƙasa ba. Ni ne a kusa da shi." Muryarsa ta sauya. Ya ɗora mini kalangun a ƙirji. "Riƙe abinka. Amma ka ƙara tashi sama a gaban matata, ni da kai ne."

Jamusawan nan sun cinye fanken da ya tsira, Hajiya ta ƙulla musu sauran a leda, Timo ya yi ta ce mata na gode da Hausar da ya koya a ranar. Ni kuwa sati biyu na yi ina salla a zaune. Kalangu yana ɗakina har yanzu, a rataye inda hannu ke kaiwa, kuma da rani na bi su garejin kakar Timo muka ɗauki waƙar nan da taken gidanmu a cikinta.

Abin da na koya kaɗan ne, amma da bayana na biya shi. Mutanenka za su yi maka guɗa, su yi maka jinjina, su kawo maka zoɓo har Guillotière. Sai dai in ka san za ka faɗo musu ta sama, ka gaya musu tun kafin ka juya baya.