Gawar da Na Tsinta a Plumstead

Ban daɗe a unguwar Plumstead ba na ce wa Anti Rabi ai na gama sanin London, ta bar ni in zaga ni kaɗai. Ina dawowa da yamma na ga ƙafafun mutum sun leƙo daga shingen maƙwabciyarmu, wando duk jini. Na rafka salati, na kira 'yan sanda.

Suna isowa maƙwabciyar tamu, wata tsohuwa, ta fito, ta ɗaga gawar da hannu ɗaya. Ashe jaridu ta cusa a wando, wai adon Halloween, bikin da Turawa ke ƙawata gida da kayan ban tsoro.

Anti kuwa har yau ko wanki ta shanya sai ta ƙwala min kira: "Sufeto, zo ki duba, wannan yana numfashi?"