Baban Dokta a Filin Motsa Jiki

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar a Garki, kuma da ana sayen jiya a kasuwa da na sayo waccan safiya na gyara ta. Kalma huɗu na faɗa a gaban mutane, yau shekaruna sun haura saba'in amma har yanzu in na tuna sai na ji kamar in tona rami in shige.

A lokacin masinja nake a wata ma'aikata. Soja sun koma bariki, albashi ya ɗan motsa, gine-gine na tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina, kowa ya rataya wayar hannu a ƙugu. Kowa kuma yana so a ce ɗansa na jami'a. Ni karatuna bai wuce firamare ba, abin da na iya shi ne ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan ba tare da na haɗa na wani da na wani ba. Saboda haka duk burina na ɗora shi a kan ɗana na fari, Hamisu (yau na rubuta sunansa, amma a baki ban taɓa kira ba, "yaron nan" nake cewa kamar yadda iyayenmu suka yi mana).

Da ya gama sakandare sai na zaunar da shi a gidanmu na Tungan Maje na jera masa hanyoyi. Ga jami'a nan kusa a Gwagwalada, mota ɗaya ce. In ba ta samu ba, ga kwalejin fasaha, ya karanta harkar gini, tunda gari kullum gini ake. Yaron nan ya sunkuyar da kai ya ce shi kwalejin ilimi yake so, a jihar Bauchi, ya karanta wasanni da motsa jiki.

Na ce, "Gudu? Gudu ake zuwa makaranta a koya? Ai ko akuya ta iya."

Ya ce, "Baba, koyarwa ce. Ana koyon yadda jiki yake aiki, da yadda ake horar da yara."

Gaskiya tun yana ƙarami haka yake. In an aike shi Zuba a ƙafa yake zuwa da gudu ya dawo. Uwarsa ta sa baki, kawunsa da ke Bauchi ya ce zai riƙe shi, na haƙura ba don raina ya so ba. Sharaɗi ɗaya na kafa: kada in ji zancen ƙwallo ko tsere a gidana. Ya riƙa aiko hotuna, ga shi a kan dutse da abokan karatunsa, ga shi a bakin ruwa sun kafa tanti, ga shi riƙe da kofin tseren dogon zango. Uwarsa ce ke ajiye su a ƙasan akwati.

To, wata rana na kai wa Oga Darakta fayil. Mutumin kirki ne, Bakatsine, 'ya'yansa biyu na karatu a waje. Yana sa hannu ya ce, "Malam, ina babban yaronka ya samu?"

Na ce, "Yana Bauchi, ranka ya daɗe."

"Me yake karantawa?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne kawai ya buɗe ya ce, "Likita."

Ya ajiye biro ya miƙo mini hannu. Shekara goma sha ina shiga ofishin nan, ranar ce ya fara ba ni hannu. Kafin azahar labari ya zaga bene uku. Ɗanjuma direba, abokin tsokanata, shi ya raɗa mini Baban Dokta, sunan kuma ya bi ni.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa sai da ta yi rassa. Madam Komfot mai buga takardu ta kawo mini sakamakon gwajin asibiti a ambulan. Ta ce, "Baba Dokta, ka nuna ma yaronka, ya faɗa mani menene yana damun ni." Na kai takardar gida ta kwana uku a aljihun rigata, na dawo da ita na ce, "Ya ce ki rage gishiri." (Na taɓa jin haka a rediyo.) Bayan wata guda ta zo tana godiya wai ƙafarta ta daina kumburi. Shekara biyu ina wannan aikin asibiti, ba lasisi.

A zamanin an fito da tsarin motsa jiki na ma'aikata, Asabar ɗaya a wata. Akan taru a wani fili da sassafe, a yi tsalle-tsalle, a zaga titi, a dawo a sa hannu a rajista. Mu ƙananan ma'aikata rajistar ce ke kai mu, da kuma don oga ya gan ka. Manya na zuwa da rigunan wasanni masu sheƙi da ruwan gora. Ni kuwa da wandon kaftani nake zuwa da singileti, da kambas ɗin da na aro wurin maƙwabci, ya fi ƙafata da yatsa biyu.

Lokacin dogon hutu ne, yaron nan yana gida. Ya gaya wa uwarsa ya samu aikin hutu wurin masu horar da 'yan wasa a cikin gari. Ni ban tambayi ko ina ne ba, tunda ni na hana zancen. Ranar ma ya riga ni fita.

Muna isa fili aka jera mu sahu-sahu, ma'aikatarmu a gaba. Sai ga wani dogon saurayi ya hau kan tebur da usur a wuya, ya daka tsawa, "Hannu sama! Ɗaya, biyu!" Na ɗaga kai. Ɗana ne.

Ya gan ni, na gan shi. Ya ɗan rusuna daga can saman teburin, ni kuma na kawar da kai. Wannan bai dame shi ba na sani, zai ɗauka kunyar ɗan fari ce. Na koma bayan Ɗanjuma ina tsalle a ɓoye, ina addu'ar a gama lafiya.

Da aka ba da hutun shan ruwa sai ya sauko yana bi sahu yana gyara wa mutane tsayuwa. Ya zo kan Oga Darakta ya nuna masa yadda zai riƙa lanƙwasa gwiwa don kada bayansa ya yi ciwo. Oga ya ji daɗi. Ya waiwayo ya gan ni, ya dubi yaron, ya sake dubana.

Ya ce, "Ikon Allah. Baban Dokta, ka san yaron nan ne? Kun yi kama ƙwarai."

Tsakanina da ɗana bai fi taku uku ba. Na ce, "Ban san shi ba."

Yaron nan ya juya. Ya sa usur a baki ya busa, ya koma kan teburinsa.

Aka fita zagayen titi. Ni da ban taɓa wuce sahun baya ba, ranar na kama gudu kamar an biyo ni, so nake in yi nisa da shi. Ba mu kai rabin hanya ba jijiyar sharaɓata ta murɗe. Na kurma ihu na zube a gefen kwalta, kambas ɗaya ya yi nasa wuri. Mutane suka kewaye ni, wani na cewa a zuba ruwa, wani na cewa a ja ƙafar, Ɗanjuma na fifita ni da hula yana cewa, "Kada ka mutu ba ka sa hannu a rajista ba!"

Yaron nan ya ratso su ya durƙusa. Ya ɗora diddigena a kafaɗarsa, ya tura yatsun ƙafata baya a hankali, yana murza sharaɓar da ɗayan hannun. Ya ce, "Ja numfashi, Baba. Saki jikinka." Ba wanda ya kawo komai a ransa, ai duk saurayi Baba yake ce wa dattijo. Cikin minti kaɗan jijiya ta saki. Ya ɗauko kambas ɗin ya sa mini, ya ɗaure igiyar.

Oga Darakta na tsaye yana haki. Ya ce, "Kai, samari, ka iya aikinka. A ina ka koya?"

"Kwalejin ilimi, ranka ya daɗe, a Bauchi. Wasanni da motsa jiki nake karantawa."

"Bauchi? Ai ɗan wannan ma yana can. Yaya sunanka?"

Ɗana ya dube ni sau ɗaya. Yaron da bai iya ƙarya ba, bai gado ta wurina ba. Ya faɗi sunansa, ya haɗa da sunan ubansa, sunan da ke rubuce a katin aikina.

Ɗanjuma ne ya fara magana: "Au! Ashe Dokta ne da kansa ya duba ka!" Madam Komfot ta turo kai ta ce, "Shi ne wannan ya ce na rage gishiri?" Yaron nan ya ce, "Gishiri kuma?" Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Oga Darakta kaɗai bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ni ke da wannan yaron, da a kan tebur zan hau in faɗa." Ya juya ya ci gaba da tafiyarsa.

Mota ɗaya muka shiga zuwa Tungan Maje, kujera ɗaya ni da yaron nan. Sai da muka sauka ya ce, "Baba, ka riƙa miƙa ƙafar kafin ka fara gudu." Ko uwarsa bai gaya wa ba, ni na gaya mata da bakina, ta yi kwana biyu ba ta dube ni ba.

Tsokanar ofis ta yi wata uku ta mutu. Abin da bai mutu ba yana gida. Da ya gama karatu na nemo masa hanyar aiki a Abuja, ya ce ya gode, ya zauna a can Bauchi yana koyarwa a wata sakandare. Yaransa na cin kofuna, yakan kai su hawan dutse lokacin hutu. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, yana kuma yi mini duk abin da ɗa ke yi wa uba. Amma bai taɓa gayyatata kallon wasan ɗalibansa ba ko sau ɗaya, ni kuma ban da bakin da zan ce a kai ni.

Ku da 'ya'yanku ke cike takardun shiga makaranta yanzu, ku ba su shawara, ku yi faɗa in ya kama. Amma in yaro ya zaɓi hanyarsa ta halal, aka tambaye ku a gaban mutane, ku faɗe ta yadda take, da ƙarfi, yana ji. Don Allah kada ku yi irin tawa.